Farar Safar Baba Maraba

Yayana ya yi aikin buɗe ƙofa a Babban Otal tun gemu bai tsiro masa ba har furfura ta gama da kansa. Ni ce ƙanwarsa, autar ɗakinmu, sana'ata ɗinki, kuma tun ina ƙarama aka shaide ni da rashin iya yin shiru. Shi ya sa labarin nan ya faɗo kaina. Shi dai ba zai taɓa ba da shi ba, matarsa kuwa ta ce ko sunan otal ɗin ba ta son ya sake ratsa bakinta.

A unguwa Baba Maraba ake ce masa. Yara ne suka laƙa masa sunan, don ko mai yanke wuta ne ya zo da tsaninsa, sai Yaya ya miƙe ya riƙe masa ƙofa, ya ɗan rusuna ya ce, "Maraba, sannu da zuwa." Na sha ce masa, "Yaya, ranar da ɓarawo ya shigo gidan nan, kai za ka ɗaukar masa talabijin ɗin ka raka shi bakin titi." Sai ya yi murmushi ya ce in bar shi da halinsa.

Otal ɗin ya girme mu duka. Tsofaffi sun ce lokacin da aka gina shi garin bai wuce tashar jirgin ƙasa da layin kantuna ba. Shi ne gini na farko da aka sa wa lif, har mutane kan tsaya a tsallaken titi suna gardama a kan ɗakin da ke hawa sama da mutum a cikinsa. Ya ga gobarar da ta cinye kicin ɗinsa, ya ga shekarar da sojoji suka kwana a kan kafet ɗinsa da takalmansu, ya canja masu shi har mun daina bin lissafi. Duk wani babba da ya shigo garin a can yake sauka. In ka shiga tasi ba sai ka faɗi sunan titi ba, Babban Otal kawai za ka ce. Mu ma da muke can ƙarshen gari, inda kwata ke bi ta ƙofar gida, in baƙo ya zo mana mukan kai shi ya ga ginin daga waje, muna nuna masa kamar da kuɗinmu aka ɗora shi.

Ƙofar gaba ƙyaure biyu ce na katako mai nauyin gaske, kowanne da dogon mariƙi na tagulla. Wanda ya koya wa Yaya aikinta wani tsohon soja ne da ake kira Sajan, dogo, marar fara'a, wanda ya riƙe ta tun ranar da aka kafa ta. Sajan ya koya masa yadda ake jan ƙyauren da hannu ɗaya ba tare da baƙo ya ga alamar nauyi ba, da yadda ake gane motar da za a ruga wa da wadda za a jira ta ƙaraso. Amma abin da ya fi dasa masa a ƙashi shi ne maganar hoto.

Wai a farkon otal ɗin an taɓa ɗaukar wani babban baƙo a bakin ƙofa, hoton ya fito a jarida, sai ga wani abokin aikin Sajan, mai buɗe ƙofa, a bayansa ya wangale baki yana hamma. Gari ya ɗauka, aka yi ta dariya, a ranar aka sallami mutumin. Tun daga nan doka ta zauna. Da an ɗaga kyamara, ma'aikaci zai ja da baya, ya sunkuyar da haɓa, ya juya fuska wajen bango. Hannu kawai zai bari a kan mariƙi don kada ƙofa ta rufe wa baƙo. Sajan yakan lallaɓo da gwangwanin madara ya ɗora a ido kamar kyamara, in Yaya bai juya da wuri ba ya sha rankwashi. Akwai kuma ɗaya dokar, wadda ba a ma tsaya faɗin dalilinta: ma'aikaci ba ya bin ƙofar gaba. Ta baya ake shiga, ta wajen kwandunan shara da ɗakin wanki, a sa kayan aiki, a fito ta wani ɗan lungu a zagayo a tsaya a waje. Wato mutumin da ya buɗe wa duniya ƙofar nan bai taɓa ƙetare ta da ƙafarsa ba.

Abin ya bi shi har gida. A hotunan auren 'yarsa, kowa ya fito fes, uban amarya kuwa ƙeya da kunne ɗaya. Ranar da muka je yin katin shaida, sai da mai hoton ya sa wani ya riƙe masa haɓa, ya fito ido a rufe kamar wanda ake yi wa allura. Muna masa tsiya yana dariya, ya ce wuyan ne ke juyawa da kansa, shi bai aike shi ba.

Kayan aikinsa doguwar kwat ce mai ruwan jinin kare da maɓallan tagulla, da hula, da farar safar hannu. Kwat ɗin ni ce likitarta. Na juya mata wuya, na sake mata aljihu, na buɗe ta da ya yi tumbi, na tsuke ta da tumbin ya tafi. Safar ma sai ta bi ta kan keken ɗinkina kafin ta shiga hannunsa, saboda wata rana iska ta fizgo ƙyauren za ta buge ɗan wata baƙuwa, Yaya ya tare da hannu, ƙaramin yatsansa na dama ya karye. Bai je asibiti ba sai da aka tashi aiki, yatsan ya warke a karkace, ya leƙa waje kamar yana fushi da 'yan'uwansa. Duk sabuwar safa sai na farke ɗan yatsan na sake ɗinke shi a karkace, in ba haka ba ba ta zama.

Wankin safar kuwa na matarsa ne. Ni Amarya nake ce mata tun ranar da aka kawo ta gidanmu, har yau da haƙoranta suka fara yin ritaya ban canja ba. Otal na da ɗakin wanki da injuna, amma Yaya ya ce injin na barin safa da dishi-dishi. Don haka kullum Amarya ke jiƙa ta, ta cuɗa ta da hannu, ta sa mata bula, ta shanya a inuwa, ta goge. Man goge tagulla baƙin tabo yake bari a tafin safar, kuma ba ya fita da daɗin rai. Fatar yatsunta ta tsattsage a kan wannan aikin. Tana yi tana mita, amma ban taɓa ganin Yaya ya fita da safa mai tabo ba.

Mitar ta daina zama ta wasa a ranar babban taro. Shugabanni ne suka zo daga ƙasashe don su sa hannu a kan wani sulhu a babban zauren otal ɗin, jami'an tsaro suka kewaye ko'ina, aka ce ma'aikacin da aka tantance ba ya barin wurinsa, ba kuma mai canjinsa. Da safen nan ɗansu na fari, yaro ɗan shekara huɗu, ya tashi da zazzaɓi. Kafin rana ta take ya fara sanƙarewa. Amarya ta aika maƙwabci, maƙwabcin ya yi ta roƙo har wani mai dafa abinci ya kai saƙon, ya raɗa wa Yaya a kunne tsakanin mota da mota. Yaya ya ji. Ya dubi titi, ya dubi jerin motocin da ke tafe, ya bar hannunsa a kan mariƙi. Ni da Amarya muka ɗauki yaron muka nufi asibiti, a cinyata ya cika. Yaya ya iso da yamma, da safar a aljihu.

Ban taɓa jin Amarya ta ɗaga masa murya a kan wannan ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta karɓi safar ta jiƙa kamar kullum. Shi ne ya tsaya a kanta yana ta juya hula a hannu, can ya ce, "Ki yi haƙuri. Wata rana za ki ga abin da na tsaya wa." Ba ta ɗago ba. Shekaru suka yi ta tafiya, suka haifi 'ya mace, suka aurar da ita, maganar nan tana nan tsakaninsu ba wanda ya taɓa ta. Ni da ke shiga gidan kullum na san Yaya bai manta ya yi alkawari ba, na kuma san ba shi da abin da zai nuna.

Sai ga sababbin masu otal. Suka rufe shi suka yi gyara, suka cire tsohuwar ƙofa suka sa ta gilashi mai buɗe kanta da ta ga mutum. Ƙofar da ke buɗe kanta ba ta neman Baba Maraba. Aka tara su, shi da sauran tsofaffin ma'aikata, aka yi musu jawabi mai daɗi, aka ba kowa agogon bango. Yaya ya dawo gida ya rataya agogon, ya zauna a ƙarƙashinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a tsaye bai iya zama ba, zaman ya ci shi, idonsa ma ya fara hazo. Da ya ji motsin mota a layi sai ka ga ya zabura.

Ana nan wata yarinya ta zo gidan, da jaka a kafaɗa, ta durƙusa ta gaida shi. Ta ce ita aka ɗauka ta haɗa tarihin otal ɗin, za a yi dogon bango na hotuna a babban falo, tun daga ranar da aka aza tubali har yau. Tsohuwar ƙofar ma ba a yar ba, za a kafa ta a ƙarshen bangon don baƙi su gani. Ta ce ta tambayi duk wanda ta samu, kowa sunansa yake ambata.

"Baba, so nake a ɗauke ka da kayan aikinka a jikin ƙofar," in ji ta. "Babban hoto, shi zai rufe bangon."

Yaya ya ce, "Da fuska?"

Yarinyar ta yi dariya. "Da fuska mana, Baba. Da me za a ɗauke ka?"

Bai dube ta ba, ƙofar kicin ya duba, inda Amarya ke tsaye da tsumma a hannu. Tunda nake ban taɓa ganin Yaya da irin wannan kallon ba. Bayan yarinyar ta tafi ya ce, "Kin ji ko? Ranar buɗewa tare za mu je. Ta ƙofar gaba zan shigar da ke, ki gani da idonki." Amarya ta ce, "Allah ya kai mu," ta koma kicin. Amma washegari na tarar ta fito da safar daga ƙasan akwati ta jiƙa.

Ni kuwa na san inda gizo ke saƙar, don haka na ɗaura ɗamarar horar da shi. Kullum in na tashi daga keke sai in zo in ɗaga waya in ce, "Yaya, dube ni." Ya dube ni da kyau, ido cikin ido. Da yatsana ya nufi wayar sai haɓa ta yi ƙasa, ƙeya ta bayyana. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce masa Sajan ya daɗe a kabari ba zai taso ya rankwashe shi ba. Har gwangwanin madara na ɗauko na ce bari mu warware abin ta inda aka ƙulla shi. Yaya ya yi dariya har da hawaye, da na ɗora gwangwanin a ido ya juya. Daga baya ya ce in kwantar da hankalina, a gaban ƙofarsa ba zai ba da kunya ba.

Ranar ɗaukar hoton na raka shi, ni ke riƙe da kwat a leda. Ta baya muka shiga, don tsohuwar ƙofar tana tsaye a farfajiyar baya an ɗaure ta a katakai, masu fenti na kai da kawowa. Yaya ya tsaya a gabanta ya shafa mariƙin da bayan hannu, ya ce ba a goge shi daidai ba. Da ya sa kwat da hula da safa sai ya ƙara tsawo, gadon bayan nan nasa da ya ranƙwafa ya miƙe. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Mai hoton wani mai gaggawa ne, da fitilu da lema, yana ta duba waya don yana da wani aikin. Ya ce, "Baba, nan za ka duba." Ya ɗaga kyamara. Yaya ya ja da baya, ya sunkuya, ya juya.

"Baba, nan, nan. Wajena."

"To, ranka ya daɗe."

Aka sake, ya juya. Na koma bayan mai hoton ina ɗaga hannu kamar mai kiran tasi, ina cewa, "Yaya, ni za ka duba, ni ce Auta, ba baƙuwa ba ce!" Ya kafe wuyansa da ƙarfin tsiya har jijiyoyi suka fito, gumi na bin gefen hularsa. Fitila ta haska, ya runtse ido ya yamutse fuska. Aka yi ta yi. Masu fenti suka ajiye buroshi suna kallo, wani ya fara dariya, na watsa masa harara ya haɗiye ta. Yarinyar tarihi ta kawo masa ruwa ta ce ya huta, ba komai. Ya ƙi karɓar kofin don kada safar ta jiƙe.

Can mai hoton ya gaji ya ce, "Baba, manta da ni. Ka ɗauka babu kowa. Buɗe ƙofar kawai yadda ka saba."

Nan fa Yaya ya dawo Yaya. Ya gyara tsayuwa, ya ɗora hannu a kan tagullar, ya ja ƙyauren nan mai nauyi kamar labule, ya ɗan rusuna wa baƙon da babu shi. Abin ya yi kyau har masu fentin suka yi tsit. Kyamara ta yi ta ƙyas-ƙyas. Mai hoton ya duba ya ce, "Yauwa! An samu. Wannan shi ne hoto." Ya fara naɗe kayansa. Na bi shi na ce ya nuna mini, ya ce sai an zaɓa an gyara. Ni dai ina tsaye na ga inda fuskar Yaya take lokacin da ƙyas-ƙyas ɗin ke tashi, amma na ce wa kaina wataƙila akwai guda ɗaya da ya kama shi kafin ya juya. A hanya Yaya sai murna yake, yana cewa, "Kin ji ya ce an samu."

Ranar buɗewa da la'asar muka ɗauki tasi mu uku. Na ɗinka wa Amarya sabuwar riga, ta sa tana cewa ɓarnar yadi ce. Yaya ya sa kayansa na gida mafi kyau. Tasi ta ajiye mu, ga jan kafet, ga furanni, ga manyan mutane na shiga. Yaya ya wuce gaba, mu muna biye. Ƙofar gilashin ta gan shi ta buɗe kanta. Ya tsaya cak a bakin kafet ɗin. Ƙofar ta jira, ta rufe, ta sake buɗewa. Na ga ƙafarsa ta ɗaga ta koma.

"Yaya, mu je mana, muna tare wa mutane hanya."

"Ku shiga," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Zan zagaya ta baya in same ku."

"Wace baya kuma? Gayyatarka aka yi! Yau kai ne baƙon!"

"Auta, ku shiga kawai."

Amarya ta dube shi, ta kama hannuna muka shiga. Daga baya na ji yadda ya ƙare. Ƙofar baya yanzu da kati ake buɗe ta, mai gadin kuma sabo ne daga wani kamfani, bai taɓa jin sunan Baba Maraba ba. Ya ce masa baƙi ta gaba suke bi. Yaya ya yi masa godiya, ya zagayo ya tsaya a gindin ginshiƙin da ya saba tsayawa.

Falon ya fi yadda Yaya ke ba mu labari. Wata fitila mai rassa ta sauko daga sama tana walƙiya, ƙasa kamar an zuba ruwa, sanyi na ratsa ƙashi. Amarya ta riƙe ni gam tana tafiya a hankali don kada santsi ya kwashe ta. Ba ta ɗaga kai ta kalli fitilar ba. Bangon ta nufa.

Hotuna ne jere, na farko-farko baƙi da fari. Ga magina a kan katakai, ga motocin da, ga mawaƙa da 'yan ƙwallo da shugabanni, kowa da sunansa a rubuce a ƙasa. Rabinsu a bakin ƙofa aka ɗauke su. Ni ina neman fuska, Amarya kuwa ta san abin da take nema. Ta ɗora yatsa a gefen wani hoto ta ce, "Ga shi." Kafaɗa ce da rabin hula. Ta matsa. "Ga shi." Bayan kwat. Ta matsa. "Ga shi nan ma." Farar safa a kan mariƙi, ƙaramin yatsa ya leƙa waje. Haka ta yi ta tsinto mijinta gutsure-gutsure a bangon nan, tun yana siriri har ya yi ƙiba har ya rame.

A wani hoto ta tsaya cak. Shugabanni ne a jere suna murmushi, suna riƙe da hannun juna, an rubuta ranar babban taron sulhu. A can gefe, bayan kafaɗar na ƙarshe, ga hannun a kan tagulla, a miƙe, ko rawa babu. Rana ta take a hoton, inuwar mutanen na ƙarƙashin ƙafafunsu. Na san inda muke ni da ita a daidai wannan lokacin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa gefen mayafinta ta goge gilashin a daidai hannun, ko da yake babu ƙura.

A ƙarshen bangon ga tsohuwar ƙofa an kafa ta, an kewaye ta da jar igiya. Kusa da ita ga babban hoton, ya fi ni tsawo. Hannu ne. Farar safa, tagulla na sheƙi, bakin hannun kwat da maɓalli ɗaya wanda ni na ɗinka shi. Daga gwiwar hannu zuwa sama an yanke. A ƙasa an rubuta irin katakon ƙofar, da ƙasar da aka sassaƙo ta, da shekarar da aka kafa ta. Layin ƙarshe ya ce: hannun ɗaya daga cikin ma'aikatanmu.

Raina ya ɓaci har na ji kunnena na ƙara. Yarinyar tarihi ta hango mu ta taho da sauri, idonta ya nuna ta san abin da zan ce. Na ce, "'Yar nan, katako kun san garinsu, mutum ba ku san sunansa ba?" Ta ce wallahi ta yi iya ƙoƙarinta. A duk hotunan babu mai fuska sai waɗanda ya runtse ido, ta nemi a sake ɗauka aka ce lokaci ya ƙure. Sunan kuma masu otal suka ce a cire, wai hannun ya tsaya a madadin dukan ma'aikata, in an sa sunan ɗaya sauran za su yi ƙorafi. Ta ce baƙi duk wannan hoton suka fi so. Ina shirin faɗa mata inda baƙin za su kai son nasu, Amarya ta ja hannuna ta ce, "Ƙyale ta, Auta. Ba ita ta juya masa wuya ba."

Muka fito. Yana nan a gindin ginshiƙi, hannu a baya, ya ɗan matsa gefe don wasu na ɗaukar hoto da waya a kan kafet, fuskarsa na wajen bango. Sai da suka gama ya juyo ya gan mu. Ya taho da sauri yana laluben fuskar matarsa da idanun nan nasa masu hazo.

"Kin gani?"

"Na gani, Malam."

"Ina ciki?"

"Kana ko'ina," in ji ta. "Tun daga farkon bangon har ƙarshe."

"Babban fa? Na ƙarshen?"

Na buɗe baki, ta matse mini yatsu. Ita ba ta iya ƙarya ba, ko ta ceton rai. Ta ce, "Hannunka ne. Hannun kawai suka sa."

Ƙofar gilashin na ta buɗewa tana rufewa a bayansa. Na ga kafaɗun nan sun sauka, na san ya gane babu wani bangon kuma, babu wata ranar da zai ce mata ta jira. Na zaci haƙuri zai ba ta, ko ya ambaci yaron, ko ya zagi Sajan sau ɗaya a rayuwarsa. Ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi, sannan ya ɗago.

"Safar ta fito da fari kuwa?"

Amarya ta dube shi.

"Fari tas," in ji ta. "Ai ni na wanke ta."

Ya gyaɗa kai. Tasi ta tsaya a gabanmu, ya riga direban kai hannu, ya buɗe mana ƙofa ya riƙe har muka shiga.